Jan Dutse, Baƙin Dutse da Tsinken Tsintsiya

Ni dai karatuna shekara uku ne da rabi a lakwal ta Allakaye. Rabin nan ina haɗawa da shi, don a cikinsa na fi shan bulala. Daga nan mahaifina ya duba ya ga jakinmu ya fi mushe, malamin lakwal, bukatata, ya cire ni. Na fito da haruffa, da lambobi, da faransancin da bai cika ludayi ba. Da wanga ɗan guzuri ne kuwa daga baya na gyara wa Turawa ilimin kwamfuta. In na faɗi haka jikokina sai su dubi juna. To, su duba. Na sayi kaye, littafin rubutu ke nan, da alƙalamin bik, zan rubuta yadda anka yi, wanda ya fi ni sani ya zo ya goge.

A tsakiyar shekarun casa'in ina aikin planto a wani asibitin mishan a ƙasar Madawa. Planto shi ne mutumin da ba a tunawa da shi sai an rasa wanda za a aika. Ina shara, ina kai takardu, ina korar awaki daga baranda, kuma a nan na fi yin suna. Buron da nake sharewa, wato ofishin, shi ne na katin marasa lafiya. Duk wanda ya zo, daga Buza yake ko daga Keita, ana ba shi ɗan kati mai lamba, babbar takardarsa kuma a ajiye ta a kanta bisa lambar nan. Mutanenmu kuwa kati ba ya daɗewa a hannunsu. Akuya ta ci, ko rufin ɗaki ya zuba, ko an ƙulle taba a ciki. Mutum ya dawo bayan shekara ba kati, sai a shiga tonon kanta har rana ta yi tsaka. Don haka anka kawo kwamfuta, mu dai inji muke cewa. Ka buga sunan mutum da na ubansa da garinsu, ya ba ka lamba, ka miƙa hannu ka ɗauko takarda.

Mai zama gaban injin taubashiyata ce, ɗiyar gwaggona. Gwaggon ta auri wani mutumin Karofane da ya shiga addinin Kirista tun yana saurayi, saboda haka ɗiyar ta tashi tana zuwa majami'a, ni ina zuwa masallaci. Wannan bai fitar da ita daga hannuna ba. Ni ɗan namiji ne, ita ɗiyar mace, a wasan taubasai baiwata ce, kuma kullum da safe nakan tuna mata. Ita kuwa takan ɗaga ƙafafunta ta ce, "Ubangidana, share nan ƙarƙashi, jiya ka bar ƙura."

Mijinta ya rasu ya bar ta da ɗiya huɗu. Ta yi shekaru a ɗakin wanki, ruwan jabel ya cinye mata hannu, tafin ya tsattsage kamar bakin tabki da rani, in ta dunƙule sai jini. Ta haura arba'in sannan ta koyi bugun rubutu a kan wani tsohon keken rubutu da harufansa biyu sunka mutu. Da anka kawo inji anka gwada mutum uku, ta fi su sauri, anka ba ta kujera. Hannun ya fara warkewa. Abin da take tsoro a duniya, bayan Allah, shi ne a mai da ta ɗakin wanki.

Mai son a mai da ta kuwa akwai shi. Majo ne, shugaban malaman jinya, mutum mai bik uku a aljihun gaba, baƙi da shuɗi da ja, ko da yake ban taɓa ganin ya ciro jan ba. Ba mugu ba ne. Shi dai a ganinsa abin da ya hau jirgin sama ya zo, bai kamata a damƙa shi ga mai wankin zanen gado ba, alhali ga masu takardar birebe, ta gama kwaleji, suna yawo a gari.

Ubangidan injin wani Bature ne dogo daga wata ƙasa mai sanyi, Mushe muke ce masa. Shi ke gyaran gurub ɗin da ke ba mu wuta, shi ke gyaran famfo da radiyo da firijin allurar rigakafi, har na ƙananan ɗakunan magani na ƙauye. Yau yana nan, gobe yana Ibohamane, jibi ba wanda ya sani. Abin da yake son tunawa a tafin hannu yake rubutawa, an jima ya wanke hannun da kananzir. Hausarsa ta littafi ce, yana gaisuwa har sai ta ƙare.

Wata rana ina shara ya kira ni, don Bature in ya gina abu sai ya samu wanda zai nuna wa, ko da planto ne. Ya ciro ɗan dabino a aljihu ya cinye naman, ya ɗaga ƙwallon.

"Baba, ka ga wannan? Cikin inji akwai irinsa. Mu muna ce masa nwayo. Duk abin da kake gani a gilashi nama ne, ƙwallon ne ke riƙe da komi."

Na ce, "Ashe dabino anka ɗauko a jirgi."

Ya ce a cikin injin nan ƙwallo biyu ne. Akwai tsoho, wanda ya shekara yana aiki. Akwai sabo, wanda shi da kansa ya harhaɗa, don tsohon bai iya magana da injin buga takarda da anka kawo ba. Guda ne ke aiki a lokaci ɗaya. In an kunna inji yakan tsaya kamar numfashi biyar yana jira. In Mushe yana wurin ya buga masa wata kalma, sabo ya tashi. In ba wanda ya ce komi, tsoho ya tashi, yadda a gida in an yi sallama yara sun ƙi motsi, mai gida ne ke fitowa. Kullum da tsakar rana kuwa ana hutar da babban gurub, a kashe inji a sake kunnawa, saboda haka aikin yamma na tsoho ne.

Sannan ya nuna mini wani ɗan maɓalli a gaban akwatin. "Wannan, Baba, kada kowa ya sa masa hannu. In wani abu ya faru a jira ni."

Na ce, "Hannuna ba shi taɓa shi, Mushe."

Wata ranar kasuwa ce abin ya fara. Mushe ya tashi injin da safe ya hau mota zuwa Keita. Layi ya kai baranda. Da hantsi sai na ji bugu ya tsaya, taubashiyata ta ce a hankali, "Ubangidana, zo ka gani." Ranar da ta kira ni haka ba da dariya ba, na san an yi ɓarna.

Gilashi ya cika da lambobi, ta danna nan ta danna can, ko gezau.

"Ya mutu?" in ji ta.

Na kara kunne jikin akwatin. "Yana numfashi. Suma ce."

"To mi za mu yi? Mushe sai marece."

"A garinmu in mutum ya suma ba a barinsa kwance sai likita ya dawo daga Keita. Ruwa ake yayyafa masa."

"Ka kawo ruwa nan, yau sai gwaggonka ta ji labarinka a kabari."

A waje wata tsohuwa ta fara tambaya ko sai ta mutu za a ba ta kati. Daga can kuma ina jin takun takalmin Majo. Na dubi maɓalli, ya dube ni. Na zaro tsinke guda mai ƙwari daga tsintsiyata, na yi bisimilla, na soka.

Inji ya yi ƙara guda, rubutu ya yi ta gudu kamar tururuwa, ya tsaya numfashi biyar, ba wanda ya ce masa komi, ya tashi garau.

Ta ce, "Mushe ya ce kada a taɓa."

Na ce, "Duba hannuna. Tsintsiya kuwa ba ta yi alkawari da kowa ba."

Abin da ba mu lura da shi ba ranar, sunayen ƙarshe da ta buga kafin suma sun tafi tare da sumar.

Da marece Mushe ya dawo duk ƙura, ya tsaya a bakin ƙofa ya fara. Ina wuni? Lahiya lau. Ina gajiya? Ba gajiya. Ina gida? Lahiya lau. Yaya yara? Lahiya lau. Yaya inji?

"Lahiya lau."

Ina so a fahimce ni a nan, don mutane sun yi ta cewa ƙarya na yi. A cikin gaisuwa ya saka tambayar. A ƙasarmu ko mutum ya baro rumbunsa yana cin wuta, in anka ce masa ina gida, lahiya lau zai ce. Sai an zauna, an sha ruwa, sannan ya ce, af, akwai fa ɗan hayaƙi. Mushe kuwa bai taɓa zama ba. Yana jin lahiya lau sai ya wuce wajen famfo. Da ya zauna sau ɗaya da ya ji komi.

Haka munka yi ta yi. Inji ya suma, in zaro tsinke, da marece a gaisa. Tsintsiyata ta fara ramewa.

Asiri ya tonu ranar da wani dattijo na Buza ya dawo ba kati. Ta buga sunansa, inji ya ce babu shi. Ta sake bugawa, babu shi.

"Ɗiyata," in ji dattijon, "ga ni tsaye da rawanina, wanga akwati shi ka cewa babu ni?"

Majo ya ji. Ya bincika ya tarar da irinsa har mutum biyar waɗanda akwati ya ce babu su. Ya ɗauko likita babba da Mushe sunka zo buro. Ni ina kusurwa ina share wurin da na riga na share.

Taubashiyata ta faɗa musu gaskiya, inji yana suma. Mushe ya buɗe ido. "Yana suma? To wa ke tashinsa?"

Ta dubi rufin ɗaki. "Yakan tashi."

"Wace rana ya yi na ƙarshe?"

"Talata."

Ya dubi tafin hannunsa. Tas yake, sai warin kananzir. Ya rasa ko ran Talata ya tsaya ya tashi sabo, ko an kira shi wajen gurub kafin ya buga kalmar. Sai ya ja kujera ya buga wa inji wata gajeriyar tambaya, wadda ma'anarta ita ce, wane ne kai? Inji ya ba da lambar tsoho.

"Kullum na duba, tsoho nake samu," in ji shi. "Tsoho kuwa ya shekara a hannuna bai taɓa faɗuwa ba."

Bakina ya riga hankalina. Na ce, "Mushe, wanga ai wanda ya tashi ne. Ba shi tuna wanda yake ran Talata?"

"A'a, Baba. In ya tashi, kansa na yanzu kaɗai ya sani."

"To sabon hwa?"

Kunnuwansa sunka yi ja. "Sabo ni na gina shi."

Majo ya gyara bik ɗinsa ya ce, "To, ba a san ƙwallon da ke ciki ba. Amma an san hannun da ke bisa." Likita babba mace ce mai ƙarancin magana. Ta ce an ba da zuwa ƙarshen wata. In suma ta ci gaba kuma ba a gano dalili ba, za a gwada wani hannu, Madam, wato taubashiyata, ta koma ɗakin wanki.

Da azahar na tarar da taubashiyata a gindin itacen bedi tana shafa man kaɗe a tafin hannu, tana dubansa kamar mai ban kwana da shi. Na fara cewa zan je in faɗi maganar tsinke, ta tare ni.

"Ka faɗa su kore ka, ni kuma su mai da ni wanki, an gyara mi? Bawa guda ya isa gida, ubangidana. Tahi ka yi sallarka."

Na yi sallar, amma Allah ya gafarta mini, gonar mahaifina nake gani a gabana. Wata shekara ina yaro anka kawo wa manoma sabon irin hatsi, anka ce ya fi namu saurin nuna. Tsohon bai yarda da shi ba, bai kuma ƙi shi ba. Ranar shuka ya sa ni tara duwatsu, abin da ƙasarmu ta Adar ba ta taɓa rasawa ba. Duk layin da anka shuka da irinmu na gado ya aza baƙin dutse a kansa, duk na sabon iri ya aza ja. Na ce, baba, mi zai hana mu jira ya fito mu gane shi da ganye? Ya ce, in ya fito ba ka bukatar dutse, dutsen na wanda bai fito ba ne, ramin da babu komi wa za ka tambaya? Maƙwabcinmu da bai aza komi ba, shukarsa ta mutu layi-layi, ya shekara yana zagin irin da bai yi masa laifi ba.

Kashegari na zo da aljihu biyu cike da duwatsu. Taubashiyata ta riga ta haddace tambayar nan ta wane ne kai, don idonta ba ya barin yatsun Mushe. Munka shirya haka: duk lokacin da inji ya tashi, ko wa ya tashe shi, ta tambaye shi tun yana da rai, ta karanta mini lamba. In tsoho ne in aza baƙin dutse a bakin taga, in sabo ne in aza ja, a jere, daga dama zuwa hagu kamar rubutun allo. In ya suma, tsinken da na soka masa in ajiye shi ƙarƙashin dutsen wanda ya faɗi, sannan in aza na wanda ya tashi.

Kafin mako biyu makaho ma in ya shafa bakin tagar nan zai gane. Amma duk wanda zai karanta duwatsu sai ya tambayi tsinke, tsinke kuwa zai kai shi wurina. Sai na ce wa taubashiyata a bari hujja ta ƙara cika. Hujja ta cika tuni, ni ne ke tsoron tonuwar asirina.

Ana nan sai wani Buzu da ya kawo matarsa asibiti ya leƙo ta taga, ya ga jerin duwatsu da tsinkaye, ya gan ni tsugune ina gyara su. Ya sassauta murya ya ce raƙuminsa ya ɓata wata biyu, ko zan duba masa. Na ce masa ya nufi gabas, don in rabu da shi. Wai ya same shi a gabas. Kafin kwana uku mata biyu sun zo kan maganar haihuwa, limamin unguwarmu ya tare ni bayan la'asar ya tambaye ni tun yaushe na fara duba. Majo kuwa ya samu abin da ya fi suma: mai wanki ta sa taubashinta yana mata tsafi a cikin buron mishan don ta riƙe kujera. Yanzu ba ɗakin wanki kaɗai ke jiranta ba, har da dattawan majami'a.

Saura kwana uku wata ya ƙare anka taru a buro: likita babba, da Fasto, da Majo, da Mushe. Taubashiyata tana zaune ta ɓoye hannuwanta cikin zane. Fasto dattijo ne da ya san mahaifinta. Ya tsaya nesa da taga kaɗan, ya ce, "Malam, waɗanga duwatsu na mi ne?"

Na dube ta. Ta girgiza mini kai. Na ajiye tsintsiya, na gyara hula.

"Fasto, kaye ne. Na wanda karatunsa bai yi nisa ba."

Na faɗa musu na baƙi da na ja, da gonar mahaifina. Mushe ya matso har hancinsa ya kusa taɓa duwatsun. Ya ce, "Tsinkayen fa?"

"Duk inda ka ga tsinke, nan ya faɗi anka tashe shi."

"Da me anka tashe shi?"

"Da maɓalli."

"Wa ya danna maɓalli?"

"Tsinke."

"Baba. Wa ke riƙe da tsinken?"

"To, nan ne maganar ta ɗan shafe ni."

Likita babba ta juya ta dubi bango, kafaɗunta suna motsi. Na ga tun da na riga na faɗa rijiya gara in yi wanka sosai, sai na fara karatu daga dama. Wanga ja, Litinin da safe, kai ka tashe shi, Mushe, ka tahi Buza, ga tsinkensa. Baƙi ya biyo, ya kai tsakar rana, anka huta da gurub, wani baƙin ya kai marece, ka dawo ka tambaye shi, ya ce tsoho ne, kuma bai yi ƙarya ba. Waɗanga baƙaƙe shida a jere, kwana ukun da ka yi a Ibohamane ne, ko tari bai yi ba. Ka dawo, ga ja, ga tsinke. Haka har ƙarshen taga. Jajayen nan, in ka cire guda, kowane da tsinkensa.

Majo ya miƙa yatsa da sauri. "Wancan hwa? Ga baƙi da tsinke! Tsoho ya faɗi a hannunta!"

"Wancan ba hannunta ba ne, Majo, ƙafata ce. Bunsuru ya shigo, na bi shi, na harɗe waya."

"To mi ya sa ka aza masa tsinke?"

"Ya faɗi. In na ɓoye nawa, wa zai yarda da na Mushe?"

Fasto ya matso kusa da taga a karo na farko. Ya ɗauki baƙin dutsen ya jujjuya, ya mai da shi wurinsa daidai. Ya ce shi dai a shekarunsa bai taɓa ganin mai tsafin da ke ajiye shaidar laifin kansa ba.

Sai taubashiyata ta fito da hannu daga zane ta ce akwai abin da ta lura da shi. Duk sumar nan, lokacin da injin buga takarda ke aiki ita kuma tana bugun suna ne take zuwa. Ba ta faɗa ba tun farko don ba wanda ya tambaye ta abin da ta gani, sai abin da ta taɓa.

Mushe ya matsa wajen akwatin. Ya kashe inji ya kunna, ya buga kalmarsa, sabo ya tashi. Na aza jan dutse, don aiki aiki ne. Ya zauna a kujerarta da kansa, ya aika takarda ta bugu, ya shiga buga sunaye da yatsa biyu. Injin buga takarda ya kama ƙara. Bai kai shan shayi guda ba gilashi ya cika da lambobi. Ya danna nan, ya danna can. Ko gezau. Jan ya tashi daga kunnuwansa ya gangaro har wuya.

Ta bar shi ya ɗan jima a haka, sannan ta ce da ladabi, "Mushe, ina gajiya?"

"Ba gajiya, Madam."

"Yaya inji?"

Ya dube ta, ya dube ni, ya dubi gilashi. Ya ce, "Lahiya lau."

Fasto ya yi dariya har sai da ya nemi wurin zama. Mushe ya miƙo mini hannu ba tare da ya juyo ba, na zaro masa tsinke mai kyau.

Likita babba ta ce Madam na nan a kujerarta, magana ta ƙare. Game da planto kuwa, doka doka ce, a rubuta masa takardar gargaɗi. Nan ne na ga abin da na daɗe ina jira: Majo ya ciro jan bik. Ya ƙi rubutu, ya bushe a aljihu, sai da ya mai da shi ya ciro shuɗi. Takardar tana nan a akwatina, ita ce kaɗai shaidar karatu da na taɓa samu da hatimi.

A makon nan Mushe ya ajiye sabon ƙwallonsa har sai da ya gano ciwonsa. Ya kuma koya wa inji wata dabara: duk lokacin da ya tashi, kafin ya yi komi, ya rubuta lambarsa da rana da lokaci a ƙarƙashin na waɗanda sunka riga shi, a wurin da suma ba ta gogewa. Ya kira ni ya nuna mini jerin a gilashi, ya ce, "Baba, ga duwatsunka." Na yi godiya, ko da yake na gane an sauke ni daga muƙami ne. Daga ranar kuma in ya gama gaisuwa yakan ja benci ya zauna, a kawo masa ruwa, sannan ya ce, to, yanzu a faɗa mini. Jikana da ke karatu a birni ya ce mini injunan yanzu da yawa suna ajiye irin wanga jeri da kansu. Ba wanda ya zo Allakaye neman izini, amma na yafe.

Taubashiyata kuwa ta zauna a kujerar nan har idonta ya gaji da gilashi, ta yi ritaya ta koma Karofane. Bara na je gaishe ta. Na tarar da ita a tsakar gida tana ɓarar wake, tafin hannun sumul, har da lalle. Wani jan dutse na tokare da ƙofar ɗakinta, na ce nawa ne, ta ce duk Adar dutse ne, in kawo shaida. Munka gaisa har gaisuwa ta ƙare, anka kawo mini ruwa na sha. Ina shirin tuna mata ko ita wace ce a wurina, sai ta ture mini tsintsiya da ƙafa, ta ɗaga ƙafafun ta ce, "Tun da ka zo, ubangidana, ga ɓawon wake nan ƙarƙashi."